Waƙar Gishirin Sin

Mahaifiyata mai sayar da abinci ce. Ita da Baba sun baro Kano tun kafin a haife ni, suka yi shekara uku a Sudan suna aiki a gonakin auduga, sannan suka tsallako teku. Ni a Makka na buɗe ido, a wani lungu na Misfala inda za ka ji Hausa ta wannan taga, Larabci ta waccan, ta gaba kuma wani yaren da ba ka san kansa ba. Inna tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, leburori da 'yan dako daga cikin mutanenmu su zo su ci a kan tabarma a ƙofar gida. Idan aikin Hajji ya zo sai mu kwashi tukwane mu koma Mina, mu kafa rumfa, mu yi ta dafa wa alhazai har a watse.

Mu uku ne a kan tukunya: Inna, da ni, da Gwaggo. Gwaggo yayar Baba ce, mijinta ya rasu tun a hanya, ta zauna tare da mu. Ita ce mai daddawa. A Makka babu itacen ɗorawa, saboda haka duk daddawar da za mu ci a shekara alhazai ne ke zuwa da ita. Da zarar sun fara sauka Gwaggo za ta yafa mayafi ta bi masaukansu ɗaya bayan ɗaya, tana gaishe su, tana tambayar labarin gida, hancinta kuma yana nasa aikin. Abin da ta samo sai ta adana a wani gwangwanin man gyaɗa mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Ba mai buɗe shi sai ita.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, ina da shekara goma sha tara, aikin gine-gine ya yi yawa a gari, masu cin abincinmu suka kusa ninkawa. Tun watan Rajab Gwaggo ta kife gwangwaninta ta bubbuga, ko ɓurɓushi bai faɗo ba. Ga shi alhazai ba za su fara zuwa ba sai bayan ƙaramar salla. Muka yi kwana biyar muna miya ba daddawa. Masu ci ba su ce komai ba, amma kwanuka suka riƙa dawowa da saura, wannan kuwa ya fi magana ciwo a wurin Inna.

Gidan da ke jikin namu na wasu mutanen Sin ne, Musulmi, miji da mata. Sun zo aikin Hajji shekaru masu yawa da suka wuce, hanyar komawa ta toshe musu, suka zauna. Mijin yana da ɗan shago a kasuwa, yana sayar da ganyen shayi da taliya da kayan ƙamshi. A gidanmu Hajiyar Sin muke ce wa matar, idan kuma ina gabanta in ce mata Hala, yadda 'yan Makka ke kiran ƙanwar uwa. Gajera ce, mai saurin tafiya. Larabcinta a karye yake, na Inna ma haka, amma ban taɓa ganin mutum biyu da suka fi su fahimtar juna ba. Wata 'yar gajeriyar katanga ce ta raba saman gidanmu da nasu, nan suke haɗuwa wajen shanya.

Ran nan muna shanya Inna ta kai mata kukanta. Hajiyar Sin ta saurara, ta ce a jira ta, ta sauka ƙasa. Ta dawo da wani abu ƙunshe a takarda, ta miƙo ta kan katanga.

"Ya jara, maƙwabciyata, gwada wannan," in ji ta. "Milhu sini. Gishirin ƙasarmu. Kaɗan za ki sa, kaɗan ƙwarai."

Inna ta buɗe. Fari ne sol, sirara-sirara, yana ƙyalli. Muka sauko da shi, Gwaggo ta karɓa ta kai hanci, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

"Wannan ai garin gilashi ne," ta ce. "Abin da ba shi da wari, ta ina zai yi daɗi? Kada ku kuskura ku zuba mini shi a tukunya."

Inna ta ce to. Washegari kuwa, da Gwaggo ta gama kaɗa miya ta shiga alwala, Inna ta ƙyafta mini ido. Na ɗebo da yatsu uku na barbaɗa, na juya da sauri, na mayar da murfi.

Akwai wani dattijo Basakkwace, ɗan dako, da ya fi kowa tsegumi a kan abinci. Ya yi loma biyu ya tsaya, ya leƙo ta bakin zaure.

"Hajiya, yau wa ya yi miyag ga?"

Gwaggo ta gyara zama. "Wa zai yi in ba ni ba?"

"To Allah shi yi ma hannunki albarka. A ƙaro mini."

Ranar ko kwano ɗaya bai dawo da saura ba. Gwaggo ta yini tana ba mu labarin yadda kakarta ke yin miya ba daddawa a shekarar fari, mutane su ci har su lashe hannu. Inna ta daure har la'asar, daga nan dariya ta ƙwace mata, ta faɗi gaskiya. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta yi mana magana ba sai sallama. Da aka kai ƙara wurin Baba, sai ya ce shi dai a ganinsa hannun Yaya ne ya yi aikin, gishirin ya taya ta ne kawai. Aka zauna a haka. Gwaggo ta yarda a riƙa sawa har alhazai su zo, da sharaɗin ba da hannunta ba.

Ni aka ɗora wa karɓo shi. Shigata ta farko ɗakin Hajiyar Sin na same ta durƙushe gaban wani kwali da aka kawo daga Jidda. Ƙanen mijinta ne ke aiko musu da kayan daga Hong Kong. A cikin kwalin, tsakanin ƙunshin gishirin da wasu kwalabe na baƙin ruwa mai gishiri da suke zubawa a taliya, akwai wani ɗan faifan garmaho da bai fi murfin ƙaramar tukunya ba, da hoton wata mata riƙe da ludayi a jikin ambulansa.

"Rufe taga," ta ce mini.

A lokacin dattawan unguwa ba sa son a ji kiɗa yana fitowa daga gidan mutum. Na rufe taga. Ta jawo wani ɗan garmaho mai batir daga ƙarƙashin shimfiɗa, ta ɗora faifan, ta rage murya har sai da muka kara kunnuwanmu.

Da farko wani abu ne kamar an buga sanduna biyu, ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Sai wata siririyar sarewa ta shigo tana tsalle. Bayanta wani abu mai kama da kukuma, amma muryarsa ta fi ta kukuma tsini. Sai yara suka ɗauka gaba ɗaya, baiti huɗu gajeru, wata mata ta ja kalma ta ƙarshe, aka daki wani abu kamar babbar tasa, dummm. Shi ke nan. Kafin mutum ya ɓare albasa ɗaya an gama.

"Ina sauran?" na tambaya.

"Babu saura. Talla ce."

Ta yi mini bayanin abin da ƙanen mijin ya rubuto. A can akwai wani akwati mai fuskar gilashi, talabijin, mutane na motsi a ciki suna magana. Tsakanin shiri da shiri sai a sa wannan waƙa don mata su sayi gishirin. Masu kayan suna raba faifan ga 'yan kasuwa kyauta, shi ne aka jefo musu ɗaya. Na taɓa jin ana maganar talabijin, amma ban taɓa gani ba, ita ma haka. Muka zauna muna kallon matar da ke jikin ambulan, muna ƙoƙarin gane yadda za a yi ta motsa.

"Hala, me suke cewa?"

Ta girgiza kai. "Ban sani ba. Yaren mutanen bakin teku ne. Mu 'yan tudu ne, tsakaninmu da su tafiyar watanni." Ta sake ɗora allurar. "Amma saurari nan. Kin ji wannan kalma? Ta yi kama da yadda muke cewa gida. Ina jin yaran suna kiran wani ne da ya yi nisa, suna ce masa ya dawo gida, abinci ya nuna."

Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta share da bakin mayafi, ta yi dariya, ta sake sawa. Ranar mun ji shi ya fi sau goma. Tun daga nan duk zuwan da zan yi sai mun rufe taga, kuma duk sanda aka zo kan kalmar sai ta runtse ido.

Waƙar ta bi ni gida ta ƙi fita daga kaina. Ina daka tana nan, ina wanke-wanke tana nan. Tun da ban san kalmominta ba, sai na ɗora mata nawa:

Ɗan kaɗan, ɗan kaɗan,
Fari tas kamar ƙanƙara,
Ki barbaɗa, ki juya,
Mai gida ya ce a ƙara.

A ƙarshe in daki gindin tasa da muciya. Inna ta fara ce mini in yi wa mutane shiru, kafin mako ya zagayo ita ke amsa mini baiti na uku. Matan lungu da ke shigowa aron turmi suka tafi da ita gidajensu. Kafin azumi ya ƙare, idan mace ta je shagon mijin Hajiyar Sin ba ta cewa milhu sini, sai ta ce a ba ta "ɗan kaɗan". Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka sunan abin ke nan da Hausa, har ya riƙa kiransa haka. Baba, wanda bai taɓa yin waƙa a gabanmu ba, na kama shi yana buga ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas da cokali a jikin kofin shayi.

Gwaggo ce kaɗai ta tsaya a kan bakanta. "Waƙar da aka yi wa gishiri," in ji ta. "Mu a garinmu ko maroƙin da ya fi kowa yunwa bai taɓa yi wa gishiri waƙa ba."

Alhazai suka fara sauka, gwangwaninta ya sake cika. Muka ɗauka an gama da gishirin Sin. Amma Inna ta gano idan aka haɗa su biyun miyar ta fi kowace, sai ya zamana Gwaggo ta jefa daddawarta, ta juya baya, ni kuma in barbaɗa nawa.

Ranar da za mu tashi zuwa Mina, muna ɗora tukwane a bayan motar da Baba ya samo, Inna ta tsayar da ni.

"Kin ga, can ba wurin waƙa ba ne. Mutane sun sayar da gonakinsu sun zo neman gafara. Idan na ji 'ɗan kaɗan' a bakinki, da muciyar nan zan ba ki amsa."

Na kiyaye. Wahalar aikin ma ba ta barin mutum ya tuna da waƙa. Ga hayaƙi, ga layin ruwa, ga alhazai cike da gaban rumfa kowa na miƙo kwano. Sai rana ta biyu bayan salla, da aka cire harami, aka yi aski, jama'a suka saki jiki, muka ɗan sami sararin zama da hantsi. Inna ta kishingiɗa a jikin buhun shinkafa. Ni ina tsince kuɓewa. Gwaggo tana bakin rumfa, ta ba mu baya, tana yanka albasa.

Sai na ji waƙar. A hankali, ta hanci, ba kalmomi. Na dubi Inna, Inna ta dube ni da niyyar faɗa, ta ga bakina a rufe. Muka juya tare. Gwaggo ce. Wuƙarta ma tana bin kiɗan a kan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas, ita ba ta ma san tana yi ba.

Kafin ɗayanmu ta yi magana, wata mata da ke wucewa riƙe da buta ta ja ta tsaya cak. 'Yar Sin ce, mai ƙiba, da farin mayafi, mijinta na biye da ita. Ta matso ta leƙa fuskar Gwaggo. Gwaggo ta kai baiti na uku, sai matar ta buɗe baki ta ƙarasa na huɗu da kalmominsa na asali, ta ja na ƙarshen yadda ake ja a faifai, ta daki butarta da tafin hannu.

Gwaggo ta saki wuƙa. "Innalillahi! Wace ce wannan?"

Matar ta riƙe ciki tana dariya har ta zauna a kan tabarmarmu ba tare da an ce ta zauna ba. Mijin, wani siririn dattijo mai tabarau, ya yi mana sallama da Larabcin littafi, ya ba da haƙuri. Ya ce daga Hong Kong suke, ruwan zafi suka fito nema. Ya ce matarsa na tambaya, ta yaya waƙar da jikokinta suka hana ta barci da ita ta riga ta zuwa Mina?

Na ba shi labari, yana mayar mata, tana tafa hannu. Inna ta manta da dokarta, ta ɗora musu ruwa a wuta, ta ce in tambaye ta yadda abin yake a cikin akwatin. Matar ta miƙe ta karɓi ludayinmu. Ta tsaya gaban tukunya ta yi fuskar baƙin ciki, ta ɗanɗana, ta girgiza kai. Ta yi kamar ta barbaɗa wani abu, ta juya, ta sake ɗanɗanawa, sai ta zaro ido, ta ɗaga gira, ta karkata kai gefe tana murmushi kamar amarya. Inna ta yi dariya har da tari. Wasu alhazan Katsina da ke jiran tuwo suka tsaya kallo, ba su san me ake yi ba amma su ma suna dariya.

Na ce wa dattijon da Larabci, "Ya ammi, baffana, don Allah me waƙar ke cewa? Akwai maganar gida a ciki? Ana kiran wanda ya yi nisa?"

Ya gyara tabarau, ya rera ta a ransa yana ƙirga baitocin da yatsu. Ya ce, "A'a, ya binti, 'yata. Cewa suke: cokali ɗaya a miya, cokali ɗaya a kifi, uwar miji ta ɗanɗana, ta rasa abin faɗa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kalmar da kike nufi, ina jin sunan masu kayan ne."

Da na fassara wa Gwaggo, ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. "Ƙarya suke," ta ce. "Ba a yi uwar mijin da za ta rasa abin faɗa ba." Amma da za su tafi ita ce ta tashi ta ƙunsa wa matar daddawa guda uku a takarda, ta nuna mata da hannu yadda ake dakawa. Matar ta kai hanci, ta ɗan ja da baya, ta dubi mijinta, sannan ta sa a jaka ta yi godiya sosai.

Da muka dawo gida abin ya tsaya mini a rai. Na ce wa Inna ba zan faɗa wa Hajiyar Sin ba, a bar ta da waƙarta yadda take jin ta. Inna ta ce ba yarinya ba ce, kuma idan ta ji a bakin wani za ta ce mun mayar da ita abin tausayi. Saboda haka da na je karɓo gishiri, bayan mun rufe taga, na ce mata na haɗu da mutanen bakin teku a Mina. Na faɗa mata baitocin ɗaya bayan ɗaya, ina kallon tabarma.

Har na fara da-na-sani. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Kifi?" ta ce.

"Kifi, Hala."

"Da uwar miji?"

"Da uwar miji."

Ta faɗi a kan matashi tana dariya, tana dukan cinya. "Wata biyar! Wata biyar ina kuka a kan miyar kifi!" Da ta sami numfashi ta ce in maimaita mata yadda matar ta yi da ludayi. Na yi mata, ta tashi ta gwada, ta ce in gyara mata girar. Da mijinta ya dawo daga kasuwa ta tare shi a tsakar gida da ludayi a hannu, ya tsaya da ƙunshin burodi yana kallonta kamar ta sami taɓin hankali.

Bayan kamar shekara guda talabijin ta iso Makka. Wani ɗan'uwan Baba da aka haifa a nan, mai aiki a ofis, ya sayi ɗaya, ya gayyace mu gani. Muka tafi bayan la'asar, har da Hajiyar Sin. Gwaggo ta ce ita rakiya kawai za ta yi, amma ita ta zauna a gaba, gwiwarta na kusan taɓa teburin. Aka kunna. Aka yi karatun Alƙur'ani, wani malami ya yi wa'azi, aka nuna wasu zanen dabbobi suna guje-guje don yara, wani mutum mai agal, baƙar igiyar nan ta kan Larabawa, ya karanta labarai. Duk sanda hoto ya ɗauke za a canza shiri, sai in ga Gwaggo ta miƙe wuya.

Da aka kira magariba aka kashe akwatin, ta juya ga mai gidan.

"Kai, yaushe ake sa ta gishirin?"

"Wace ta gishiri, Gwaggo?"

"Matar nan mai ludayi."

Ya ce ai a nan ba a yin talla a talabijin, ko ta gishiri ko ta wani abu. Gwaggo ta dube shi, ta dubi akwatin, ta jawo takalmanta.

"To me ka saya ke nan?" ta ce.

Matar gidan ta shimfiɗa mana dardumai muka yi salla, ta kawo shayi da dabino. A hanyar komawa Gwaggo da Hajiyar Sin suka wuce mu suna tafe a gaba, ɗaya na Hausa ɗaya na karyayyen Larabci, suna ta gardama a kan ko mutumin da ya karanta labarai yana ganinmu ko ba ya gani.